Riƙon Mako Shida

Maritza ce ta hauro da ita cikin kwando,
matakala ɗari da sha ɗaya daga bakin teku.
Tana haki ta ce, "Don Nibaldo, riƙo ne kawai,
mako shida, kafin a sami mai so."
Na sa hannu a takarda.
Takardar ta ce ba tawa ba ce.

A bayan rumfar masu kifi aka tsince ta,
shekara sha huɗu a ƙiyasin likita,
haƙori uku, kunne a tsage,
ƙoda biyu da suka gaji da aiki.
Merluza suka sa mata, sunan kifi.
Kwana tara ta yi a ƙarƙashin gado
tana harara ta kamar ni na ci bashinta.

Shekara talatin na yi ina jan keken dutse
mai hawa da mutane tudun Valparaíso,
hannuna bai taɓa rawa a kan birki ba.
Ranar da likita Oyarzún ta miƙo mini allura
ta ce, "Kama fatar wuya, ɗaga, soka,"
sai ga hannun yana kaɗawa kamar ganye.

Yanzu Litinin da Alhamis
jakar ruwa na rataye a ƙusar da hular matata take a da.
Muna zaune, ni da ita, muna ƙirga ɗigo.
Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.
Tana gurnani ƙasa-ƙasa
kamar injin kwale-kwale can nesa da asuba.

Ƙwayar magani kuwa yaƙi ce.
Na ɓoye a man shanu, ta lashe man,
ta ajiye mini ƙwayar a kan takalmi.

Sau biyu aka zo dubawa.
Wasu ma'aurata suka tambayi kuɗin magani,
suka yi godiya, suka sauka.
Wani yaro ya ce, "Ba ta wasa?"
Na ce tana yi, sai dai ba da kowa ba.
Da na rufe ƙofa sai na ji kunyar daɗin da na ji.

Mako shidan nan ya shekara uku.
Sabo turken wawa, na sani,
ni ne wawan, ga turken yana barci a kan rigata.

Duk ƙarshen wata ina ɗora ta a sikelin gari,
in rubuta a bangon kicin da fensir:
uku da ɗari biyu,
uku cif,
biyu da ɗari takwas.
Lissafin yana gangara, kuma wannan gangara ba ta da birki.

Jiya Maritza ta sake haurowa da takarda.
Ta ce, "Ka karɓe ta mana gaba ɗaya,
wa kake jira?"
Na dubi taga. Merluza na kan dakali,
rana ta faɗo mata a ƙashin baya,
tana kallon tsuntsayen teku da ba za ta ƙara kora ba.

Na ce a bar shi a riƙo.
Matata ma, da na ce tawa ce,
ashe aro aka ba ni.

Na sa hannu: ƙarin mako shida.
Na tashi na ɗumama ruwan Alhamis.