Haƙoran Gaba

Laifina ne, ban musa ba.
Ni na ce wa Alhaji Haladu mu sa mata manyan tayoyi
don cikinta ya daina shafar ƙasa a hanyar Guri.
Ta yi tsawo, ta yi kwarjini,
yara na bin ta da gudu a Kirikasamma.
Amma ranar da na ɗora mata buhun riɗi ashirin
muka faɗa rairayin bayan gari,
sai ta tsaya tana nishi.
Na sa ogzileri, na taka, na yi salati,
ƙafa huɗu a ƙasa, zuciya babu.

Ya'u makanike bai tanka mini ba
sai da ya gama da goronsa.
Ya shimfiɗa kwali a gindin darbejiya,
ya shige ƙarƙashinta, tafin ƙafarsa kawai nake gani.
Daga can ya ce:
Ka ba ta dogayen ƙafafu,
ka bar ta da tsohuwar gwiwa.

Ya tsiyaye baƙin mai a kwano,
mai warin nan da ke bin mutum har sahun masallaci.
Ya kwance firfela, ya zare aksil hagu da dama,
ya sauko da tukunyar gaba
ya aje bisa buhu, yadda mahauci ke aje kan sa.
Zo ka ƙirga, in ji shi.
Na bi babban faifan da yatsa: arba'in da ɗaya.
Ƙaramin da ke tura shi: goma cif.
To, talatin da tara za mu sa, da takwas.
Na ce, Malam Ya'u, ai ragi ke nan, ina ƙarfin?
Ya yi dariya da haƙoransa shida:
Mai gajeren taku ke kai kaya kan tudu.

Alhaji ya zo bayan la'asar,
ya ji kuɗin, ya cire hula, ya mayar.
A yi na gaba kaɗai, na baya lafiyarsa lau.
Ya'u ya goge hannu a cinya.
Alhaji, ka taɓa ɗaura maraƙi da bijimi a garma ɗaya?
Baya na gudu, gaba na tafiya,
abin da ke tsakaninsu shi zai karye.
Aka yi shiru. Wata akuya ta gifta.
Da asuba na hau motar Kano,
na dawo daga Ƙofar Ruwa da kwali biyu.

Kwana uku muna kai.
Sabon boris, sabon giris,
da washa sirara kamar ɓawon albasa,
a sa ɗaya, a cire, a sa biyu.
Ya aiki ɗansa Ilu ya karɓo shuni cikin gida,
ya kwaɓa, ya shafa wa haƙoran, ya juya a hankali,
ya kai ido inda suka ciji juna.
Ya ci baki. Kwance.
Ya ci gindi. Kwance.
Sau biyar, ni har na fara jin haushi.
A na shida shunin ya goge a tsakiya
daidai faɗin ƙwayar kabewa.
Ya girgiza faifan, ya kasa kunne: ƙas, ƙas.
Wannan 'yar ratar a bar musu, in ji shi,
in sun matsu za su cinye juna,
in sun yi nisa za su yi ta kuka.

Kar ka yi mata lodi sai ta ci kasuwa biyu,
sannan ka dawo mu zubar da man.

Yanzu a kwalta 'yan acaɓa na wuce ni,
wani har ya ɗaga mini hannu.
Ina ƙyale su.
Inda kwalta ta ƙare nakan sauka,
in murɗa makullan ƙafafun gaba, in koma,
ta sunkuyar da kai ta shiga rairayi
ba tare da ta ɗaga murya ba.
Jiya ma na janyo motar Barau da ta kafe tun hantsi.

Shunin bai gama fita daga farcena ba.