Tukunyar Kan Tudu

A bayan Lima, inda kwalta ta ƙare,
tudu ya goya gidajen katako,
hazon teku na lasar kwanon rufi,
ruwa sai ranar da tanka ta ga dama.

Tun asuba Hermelinda ta sauka kasuwa
da buhu biyu da bakin da ya daina jin kunya:
"Kabewar nan da ta fashe, ta bola ce?"
Mai dankali ya harare ta, ya ƙara mata uku.

Matakala ɗari biyu da sha ɗaya.
Da gwiwa ta ƙirga su.

A sama Eusebia na hura katakon akwati,
Teófila na yanka albasa tana tsine wa farashin mai.
Tsoho Nicanor ba ya iya ɗaga tulu,
shi ke riƙe littafi:
mai sulalla, mai gishiri,
mai hannu biyu kawai.
Shafin bashi, in ji shi, ɓera ya cinye.

Rana tsaka layi ya miƙe, kowa da robarsa.
Na tamanin da bakwai aka dafa,
casa'in da huɗu suka zo.
Eusebia ba ta ce uffan ba,
ta ƙara ruwa, ta iza wuta,
ludayi ya ɗan rage zurfi.

Da yamma suna kankare ƙanzo
suna gardamar filin bayan makaranta:
wake za a shuka ko masara?
Hermelinda ta ce a shuka duka,
gwiwarta ta gaji da roƙo.