Tanki Biyu a Kumluca

Bara Dursun ya yi kuka cikin rumfar leda,
mahaifina ke nan, wanda bai zubar da ƙwalla ba
ranar da iskar teku ta yage rufin nan gida biyu.
Ya tsinko tumatir, ja jawur daga sama,
ya juya shi, sai baƙin tabo a ƙasa,
ya lotsa kamar an ɗosana masa garwashi.
Akwati arba'in muka zubar bayan itatuwan lemo.

Shi yuriya ya sani.
In ganye ya yi kore shar, sai ya ce shuka ta ƙoshi,
ya ƙara mata wani buhun don jin daɗi.
Ashe ganyen ne ke wawashe akushi,
ɗan da ke can ƙarshen reshe
sai ya ga kwano a wanke.

Na ɗebi ƙasa a kwalbar zuma,
na hau motar Antalya ban gaya masa ba.
Matar ɗakin gwaji, Nezihe, ta dubi takarda ta ce:
kalsiyam na nan, 'yata, hanya aka tare masa.
Da ruwa yake tafiya, kuma ba ya sauri.
Ku rage amoniya. Ku daina shayarwar
yau ambaliya, gobe ƙishirwa.

Bana tanki biyu na kafa a bakin ƙofa.
Kalsiyam a na dama, shi kaɗai da nitiret ɗinsa,
salfet da fosfet a na hagu,
don in sun haɗu da kauri sai su daskare kamar alli
su toshe idon bututu.
Fotash kuwa da awo nake ba shi,
tun da tsoffin ganye suka fara rawaya tsakanin jijiyoyi
na gane ya danne wa magnesiyam wuya.

Baba bai ce komai ba wata uku.
Yana wucewa, yana ƙwanƙwasa tankin da sandarsa
kamar mai tambayar ko akwai mutum a ciki.

Jiya da asuba na same shi a layi na tara
yana juya 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya,
yana leƙa ƙasansu.
Ya zaro wuƙa, ya raba guda biyu,
ya barbaɗa gishiri daga aljihun rigarsa.
Rabin ya ci a tsaye.
Rabin ya ajiye mini a kan murfin tankin dama,
ya tafi ɗora shayi.