Inda Iska Ta Tsaya

A Aberdeen iska ba ta hutu.
Ta ƙwace min lema a bakin gada,
ta juye ta kamar kwando,
na shiga aji a jiƙe sharkaf.

Malama Galbraith ta dire kwakwa a tebur,
gashinta buzu-buzu.
Ta miƙo min mataji, ta ce:
kwantar da shi duka,
kada sili ɗaya ya miƙe, kada tsaga ta fito.

Na taje gabas, na taje yamma.
Sai wata 'yar cibiya ta ɓullo,
in kore ta daga nan, ta leƙo can.

Ta ce: a kowane ɗigo shimfiɗa kibiya
a jikin ƙwallo,
kowace na duban kusan inda maƙwabciyarta ke duba.
Dole wani wuri kibiyar ta ƙanƙance
ta zama babu.
A kan awarwaro gashi zai kwanta lumui.
Ƙwallo kuwa, ko shekara za ka yi.

Wato yanzu haka, a wani lungun duniya,
akwai inda iska ta tsaya cak.
Lissafin bai faɗi ina ba.
Ba nan ba ne dai.

Da dare, taga na ta kaɗawa,
na karɓi Rumasa'u daga hannun uwarta,
kwananta goma sha ɗaya.
Gashinta mai laushi ya kewaya, ya kewaya,
ya haɗu a tsakar ka.
Na ɗora yatsa a wurin, a hankali.
Ta yi ajiyar zuciya.
Ban motsa ba har shayina ya huce.