Baƙin Dutsen Koronos

Kakana Zafiris bai san hantsi ba.
Shekara talatin da ɗaya a ramin Koronos,
fitila a goshi, guduma a dama,
yana sarar baƙin dutsen da ƙarfe ke shakka.

Simirgili muke ce masa a tsibirinmu.
Ba shi da kyau ko kaɗan,
ba wadda ta taɓa neman sa a zobe.
Nauyi gare shi kamar tsohon bashi:
ɗauki guntu kamar ƙwan agwagwa
ka ji kafaɗarka tana neman ba'asi.

Guga-guga yake sauka bisa igiyar ƙarfe,
ta kan zaitun, ta kan awakin Markos,
har bakin teku a Mutsuna,
jirage su kwashe zuwa garuruwan
da kakana ko sunansu bai iya faɗa ba.
A can a niƙe shi, a manna a takarda,
a wasa wuƙar mahauci,
a kankare tsatsa, a goge gilashin tabarau.
Yakan ce, "Allurar da uwarki ke ɗinki da ita,
wa ya sani, ko ni na yi mata tsini."
Sai dariya, sai dariyar ta koma tari,
tarin ya ƙi ƙarewa.

Kaka Argiro ta dafa ganyen tsauni da zuma,
ta kunna kyandir a coci har kuɗinta suka ƙare.
Shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce,
"Bar wahala, mata.
Abin da ke cin ƙarfe, huhu zai gagare shi?"

Yau ni ce a tsakar gida, durƙushe,
gabana farin marmara na kabarinsa,
fuskarsa kaushi kamar harshen kyanwa.
Masu inji sun ce awa guda su gama.
Na ce a'a.
A aljihun tsohon kwat ɗinsa na tsinci guntu,
tare da maɓalli da ƙwayar magani biyu.

Na zuba ruwa, na gurza.
Na sake zubawa, na gurza.
Farin ruwa kamar nono na bin gwiwata,
yatsuna sun saɓule tun kwana na biyu,
maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta girgiza kai.

Kwana na shida marmara ya sallama.
Na ga gajimare a cikinsa,
na ga reshen ɓaure, na ga fuskata,
da goshin nan da na gada.

Gobe mutane za su shafa su ce,
"Kai, marmaran Naksos akwai sheƙi!"
Su ce.
Guntun baƙin yana tafina da ɗuminsa,
ya ɗan rage a gefe guda
kamar sabulun da aka yi wanka da shi sau ɗaya.
Na mayar da shi aljihun kwat.
Na rataye kwat ɗin a ƙusarsa.