Ƙullin Tsohuwa Gyarsi

A Bikaner, a hawa na uku, aka kira ni:
na'urar tace ruwa ta daina zuba.
Na hau da jakata ina haki.
Ban ma kwance murfi ba na ga ciwon.
Siririn tiyon baya, mai fitar da zartsi,
an ƙulle shi tam, ƙulli biyu,
irin na guga a bakin rijiya.

"Ni na ƙulle," in ji tsohuwa Gyarsi,
ko ƙifta ido ba ta yi ba.
"Dare uku ina jin sa yana tsiyaya a rariya
kamar an yanka akuya an manta da ita."

Na ce, Iya, haka aikinta yake.
Ana danna ruwa da ƙarfi ta cikin tantani,
mai daɗi ya ratsa,
gishiri ya tsaya, sai an kora shi da wani ruwan.
Kin toshe masa ƙofa, ya kwanta a ciki.
Na zaro tantanin na nuna mata,
fari fat, ya ƙage kamar kanwa.

Ta ce, "Auna mini."
Na sa sabo, na kunna, ta jera kofunan shayi.
Ɗaya ya cika ta gaba.
Uku da rabi ta baya.

Ta kama hannuna ta ɗora a tsakar kanta,
inda gashi bai ƙara tsirowa ba.
"Shekara ashirin da shida, tulu biyu a nan,
daga ƙauye zuwa tafki, cikin rairayi.
Kai kuma, Hanuwant, ka ce haka aikinta yake?"

Bakina ya mutu.
Na koma kasuwa da rana tsaka,
na sayo ɗan famfo mai ƙara matsi,
na canza maƙurar tiyo da daidai awonta,
na wanke matatar farko da laka ta cinye.
Muka sake jera kofuna.
Ɗaya ta gaba. Ɗaya da rabi ta baya.
Ta ce, "Saura." Na ce, iyakar hannuna ke nan,
ruwan garin nan da zartsinsa aka haife shi.

Sai ta sa jikanta Dhapu ta jawo duro.
Tiyo ya bar rariya ya koma can:
na goge daɓe, na banɗaki, na wanke babur.
Ta zuba wa shukar taga, sati biyu ta ƙone,
ta kira ni ta faɗa mini da kanta,
kamar mai ba da rahoton rasuwa.

Ban karɓi kuɗin hawan bene ba.

Yanzu dare ya raba, ina kwance a gidana.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a,
yau ne na fara jin nawa tiyon,
can bayan madafa,
ɗis, ɗis.
Na tashi ina laluben bokiti a duhu.