Injin Sallau

Tun kafin azumi Ladidi ke maganar kanta.
Aka sha ruwa talatin, aka ci naman layya,
gwangwanin gishiri yana nan a ƙasa,
daddawa a bakin taga tana gaisawa da ƙudaje.
Ran Asabar na ce yau za a yi ta ta ƙare.

Na tsallaka gidan Sallau na aro injin huda bango,
ja, mai nauyin ɗan akuya,
wuyansa naɗe da baƙin salatif.
Ya ce, "Malam, lallaɓa shi, yana da hali."
Na yi dariya.
Ni da na shekara ashirin da biyu
ina lallaɓa 'yan aji huɗu a Gyallesu?

Sha ɗaya da kwata aka kawo wuta.
Yaran layi suka yi ihun da suka saba.
Na ɗiga alama huɗu da fensir,
na yi bisimilla, na danna.
Ya yi gurnani, ya ci siminti rabin yatsa,
ya yi tari, ya tofa tartsatsi,
sai shiru.
Ƙaurin roba ya bi ƙamshin miyar kuka ya danne.

Na jijjiga shi. Na hura masa iska.
Na ɗan buga shi a tafin hannu
yadda nake wa rediyo in ta yi gardama.
Ladidi, daga bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba:
"Rami ɗaya ma arziki ne. Ƙadangare ya samu ɗaki."

Ba ramin ne ya dame ni ba.
Kayan aro ne, ga wata ya yi nisa.
Na lissafa kuɗin Keke zuwa Sabon Gari,
na lissafa kuɗin mai gyara,
na lissafa fuskar Sallau
in ya ce "ba komai" alhali da komai.

Sai ga Saude ta dawo daga foli,
jaka a kafaɗa, gyaɗa a hannu.
Ta ce, "Baba, cire shi daga soket tukuna."
Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo faranti,
ta kwance noti shida ta jera a ciki
don kada kaza ta ɗauka hatsi ne.
Ta warware salatif ɗin nan a hankali
kamar mai duba kaciyar yaro.
Ashe waya ce ta karye a wuya,
gashi biyu kacal ke riƙe da ita tun bara.

Ta yanke, ta feƙe, ta murɗa, ta ɗaure.
Ni na riƙe mata tocilan da rana tsaka.
Yarinyar da na koya wa riƙon fensir
ce take cewa, "Matso da hannunka nan. A'a, nan."
Na matso.

Ta mayar da noti na shida,
ta miƙo mini, ta ce gwada.
Yatsana na kan makunni
fankar falo ta fara rage gudu.
Daga layi aka ji, "Sun ɗauke!"

Muka ci tuwo.
Ladidi ta ɗauki gishiri daga ƙasa, ta mayar ƙasa.

Ƙarfe biyun dare ƙwan tsakar gida ya farka.
Na tashi da zanen barci, na tsaya gaban bango,
inji a hannu, alama uku na kallona.
Bayan bangon nan jaririn Sallau ne,
jiya da kyar ya yi barci.

Na danna sau ɗaya, a iska,
daƙiƙa guda, don in ji.
Ya amsa, lafiya lau.
Na ajiye shi kan buhun masara,
na lulluɓe shi da tsohuwar rigata saboda raɓa.

Daga ɗaki Ladidi ta ce, cikin magagi,
"An kafa?"
Na ce, "Gobe."
Ta ce, "Allah ya kai mu,"
da muryar da ta san goben.